Tarihin Ayarin Masu Aikin Sa-kai da Motocin Gida a Amurka

Daga cikin al'adun tafiye-tafiye da suka kafu a ƙasar Amurka a ƙarni na ashirin, akwai wata wadda ta haɗa yawon buɗe ido da aikin gayya, wato al'adar da dattawa, galibi ma'aurata waɗanda suka yi ritaya, kan ɗauki motar da ke ɗauke da ɗakin kwanansu da madafarsu su nufi wani gari mai nisa, su yada zango na mako biyu ko uku suna gina wa marasa galihu gidaje, ko suna gyaran makarantu da majami'u da gandayen daji na gwamnati, ba tare da karɓar kuɗin aiki ba, sa'an nan su yi amfani da ranakun hutu wajen zagaya yankin don ganin mutanensa da kasuwanninsa da wuraren tarihinsa. Motar da ake magana a kai ita ce wadda Amurkawa ke taƙaita sunanta da haruffa biyu, RV, ma'ana motar shaƙatawa, wadda za a kira ta motar gida a nan, kuma iri biyu ce: akwai wadda inji da ɗaki suke jiki ɗaya kamar bas, akwai kuma tirelar zama wadda ake ɗaura wa wata mota ta ja ta. Kowace daga cikinsu tana da gado, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, da makewayi.

Ginshiƙin wannan al'ada wata yarjejeniya ce mai sauƙi tsakanin baƙo da mai masauki. Ƙungiya ko hukumar da ke buƙatar hannu tana ba da filin ajiye mota tare da wutar lantarki da ruwan famfo da magudanar da ake zubar da ƙazantar mota, shi kuwa matafiyi yana ba da ƙarfinsa da gwanintarsa, ya kuma ɗauki nauyin man motarsa da abincinsa. Da wannan aka warware matsalar da ta daɗe tana hana ƙananan ƙungiyoyin agaji karɓar masu taimako daga nesa, wato rashin wurin kwana da kuɗin ciyarwa, domin baƙon da ya zo da gidansa ba ya ɗora wa kowa nauyi. Tarihin al'adar, saboda haka, tarihi ne na yadda abubuwa uku suka taru a hannun rukunin mutane ɗaya, wato mota da hanya, da fansho, da izinin doka, da kuma yadda masu yawo a mota suka sami hanyar wanke kansu daga zargin zaman kashe wando da ya bi su tun daga farko.

Asalin motar gida da neman mutunci

Kwana a mota ya fara ne kusan lokaci ɗaya da yaɗuwar motar kanta. A shekarar 1908 kamfanin Ford ya fito da motar Model T, wadda farashinta ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920, abin da ya sa manomi da ƙaramin ma'aikaci suka iya mallakarta. A 1910 kuma kamfanin Pierce-Arrow ya baje kolin wata mota ta masu hannu da shuni a birnin New York, wadda kujerar bayanta ke miƙewa ta zama gado, tana kuma da wurin wanke hannu da bayan gida. Talakawa ba su jira irin wannan ba, domin sun riƙa ɗaure tanti da barguna da tukwane a gefen motocinsu suna kwana a bakin hanya ko a gonakin mutane. Tafiye-tafiyen shan iska da Henry Ford da Thomas Edison da Harvey Firestone suka riƙa yi tare daga tsakiyar shekarun 1910 zuwa 1924, waɗanda jaridu suka yi ta yayatawa, sun ƙara wa kwanan daji farin jini, haka nan kafa Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa a 1916 ya samar wa matafiya wuraren da za su nufa.

Sai dai mazauna garuruwa ba su karɓi waɗannan baƙi hannu biyu ba, saboda ana ganin su a matsayin mutanen da ke zuwa da abincinsu na gwangwani, ba sa kwana a otal, ba sa kashe kuɗi a gari, kuma suna barin shara a inda suka tashi. Wannan zargi ne ya sa wasu matafiya suka taru a birnin Tampa na jihar Filorida a 1919 suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani, inda suka mayar da sunan gori ya zama tambarinsu, har suna liƙa gwangwani a gaban mota don su gane juna, suka kuma ɗora wa kansu ƙa'idojin tsaftace zango da kyautata hali da taimakon juna a hanya. Masanin tarihi Warren Belasco, a littafinsa na 1979 kan matafiyan mota daga 1910 zuwa 1945, ya nuna yadda garuruwa da yawa suka buɗe zangon mota kyauta don jawo ciniki, amma kafin tsakiyar shekarun 1920 suka fara karɓar kuɗin shiga da ƙayyade kwanakin zama, da nufin raba mai yawon jin daɗi da talakan da ke yawon neman aiki.

Karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta ƙara zurfafa wannan rarrabuwa. A daidai lokacin da kamfanoni irin su Covered Wagon na birnin Detroit da Airstream na Wally Byam suka fara ƙera tirelolin zama don sayarwa, dubban iyalai da suka rasa gidaje da gonaki suka mayar da tirela mazauninsu na dole, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma gwamnati ta zaunar da ma'aikatan masana'antun makamai a cikinsu, ta yadda unguwar tirela ta zama alamar talauci a idon jama'a. Byam yana daga cikin waɗanda suka fi ƙoƙarin sauya wannan kallo, ta hanyar shirya ayarin tafiya mai tsari, da madugu da jadawali da rabon ayyuka. Ayarinsa na farko ya tashi a 1951 zuwa Meksiko da Amurka ta Tsakiya, a 1959 kuma ya jagoranci tireloli 41 da suka tashi daga Cape Town na Afirka ta Kudu suka nufi Alƙahira. Waɗannan tafiye-tafiye na shaƙatawa ne da tallar haja, amma sun bar gadon da masu aikin sa-kai suka ɗauka daga baya, wato sanin yadda motoci da yawa za su haɗu a wuri ɗaya a rana ɗaya, su kafa ƙaramar unguwa mai doka da oda, su watse idan wa'adi ya cika.

A ɗaya gefen, aikin taimako a kan ƙafafun mota ma yana da nasa tushen a cikin addinin Kirista na Arewacin Amurka. Manoman yankunan karkara, musamman mabiya ɗarikun Amish da Mennonite, sun daɗe da al'adar taruwa su ɗaga wa maƙwabci rumbun katako a yini ɗaya, kamar yadda ake gayyar noma a ƙasar Hausa, kuma daga wannan ɗabi'a ce ƙungiyar agajin bala'i ta Mennonite ta tsiro a garin Hesston na jihar Kansas a 1950. Tun kafin nan, a 1920, wata Baturiyar Ingila mai suna Eva Hasell ta fara zagaya filayen yammacin Kanada a wata motar Ford da aka mayar ɗakin kwana, tana kai karatun addini ga 'ya'yan manoman da ke nesa da coci, aikin da ya bunƙasa ya zama ƙungiya mai motoci da dama, kowace da mata biyu masu sa-kai, ɗaya direba ɗaya malama. Abin da ya rage shi ne lokacin da waɗannan rassa biyu, na yawo da na hidima, za su haɗu a hannun talakawan ƙasa masu yawa.

Abubuwan da suka share fage

Haɗuwar ta yiwu ne a shekaru ashirin da suka biyo bayan 1956, shekarar da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, masu tsawon mil 41,000, wato kimanin kilomita 66,000. Hanyoyi masu faɗi, marasa mararraba, sun sa tuƙa mota mai tsawon bas ya zama abin da dattijo zai iya. A 1962 aka buɗe zangon farko na kamfanin KOA a garin Billings na jihar Montana, wanda ya yaɗa tsarin ba kowace mota fili mai wuta da ruwa, a 1966 kuma kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Iowa ya fito da motar gidansa ta farko a kan kusan rabin farashin takwarorinta, saboda ya ɗauki salon haɗa motoci a jere irin na manyan masana'antu. Daga nan motar gida ta tashi daga kayan marmarin attajirai ta zama abin da malamin makaranta ko kafinta zai iya saya da ajiyarsa.

Abu na biyu shi ne lokaci, wanda tsarin fansho ya samar. Dokar fanshon tsufa ta ƙasa ta 1935 ta kafa tushe, aka ba mata damar fara karɓa daga shekara 62 a 1956, aka ba maza irin wannan dama a 1961, sa'an nan a 1965 aka kafa Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga waɗanda suka kai shekara 65, wadda ainihin tsarinta ke bin mutum duk jihar da ya shiga. Haɗe da fanshon kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi gwagwarmayar samu, wannan ya haifar da tsara ta farko ta ma'aikata da suka bar aiki da sauran ƙarfi a jika da kuɗin shiga tabbatacce a kowane wata. Da yawansu mazauna jihohin arewa ne masu tsananin sanyi, waɗanda suka ɗauki ɗabi'ar gangarawa kudu zuwa Filorida da Arizona da kwarin kogin Rio Grande a Tekzas da zarar ƙanƙara ta fara sauka, su koma gida da bazara, har aka laƙaba musu sunan tsuntsayen ƙanƙara. Ƙungiyar Good Sam, wadda aka kafa a 1966 aka kuma raɗa mata suna daga misalin Basamariye mai tausayi na cikin Linjila, ta nuna inda zuciyar waɗannan mutane ta karkata, domin alƙawarin farko na mambobinta shi ne tsayawa su taimaki duk matafiyin da mota ta lalace masa a hanya.

Abu na uku shi ne doka. Tun da daɗewa dokar kuɗi ta tarayya ta hana hukumomin gwamnati karɓar aikin kyauta sai da izinin majalisa, don gudun kada wanda ya yi aikin ya dawo yana neman biya. A 1970 aka sa hannu a dokar da ta ba Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ikon ɗaukar masu sa-kai, da biyan ƙananan kuɗaɗen hidimarsu, da kuma ɗaukar su kamar ma'aikata idan sun ji rauni a bakin aiki, a 1972 kuma aka yi wa Hukumar Dazuzzuka makamanciyar dokar. Daga nan ne matsayin mai kula da zango ya samu gindin zama, wato mutum ko ma'aurata da ake ba fili kyauta a ƙofar zango na tsawon wata ɗaya ko fiye, su riƙa tarbar baƙi, da sayar da itacen wuta, da share wuraren kwana, da sanar da jami'ai idan an sami matsala. Hukumomin gandayen jihohi, da na wuraren kare namun daji, da rundunar injiniyoyin soja mai kula da madatsun ruwa, duk sun ɗauki wannan tsari, kuma a yau wanda ya cika awa 250 na aikin sa-kai a filayen tarayya yana samun katin shiga gandayen ƙasa kyauta na shekara guda.

Ƙungiyoyin hidima da tsarin aikinsu

Majami'u ne suka fara mayar da wannan dama ta zama ayari mai tsari. A farkon shekarun 1970 ɗarikar Baptist ta kudu ta kafa Campers on Mission, aka kuma kafa ƙungiyar RVICS a 1972, sai SOWERS a 1983, waɗannan biyun na ƙarshe ba na ɗarika ɗaya ba ne, kuma aikinsu ya fi karkata ga gyaran sansanonin yara na hutu, da makarantun addini, da gidajen marayu. A 1988 wasu mabiya ɗarikar Methodist da ke cin sanyi a kudancin Tekzas suka gaji da zaman karta da hira, suka fara bin majami'un yankin suna tambayar ko akwai aikin da za su yi, wanda daga nan ƙungiyar NOMADS ta samo asali, kuma har yau mambobinta kan yi raha cewa su tsofaffin Methodist ne masu gudun ƙanƙara. Wannan raha tana ɗauke da gaskiyar da ƙungiyoyin ba su taɓa ɓoyewa ba, wato taswirar ayyukansu tana bin yanayi, kudu da hunturu, arewa da bazara, kamar yadda tafiyar mambobin ke bi tun kafin su fara hidima.

Ƙungiyar da ta fi fito da al'adar fili ita ce Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a garin Americus na jihar Jojiya a 1976. Tunanin ya samo asali ne daga gonar Koinonia, wata al'ummar Kirista da Clarence Jordan da abokansa suka kafa a 1942, inda baƙaƙe da farare ke aiki tare a lokacin da dokokin wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudu, kuma iyalin Fuller sun gwada shi a garin Mbandaka na ƙasar Zaire daga 1973 zuwa 1976 kafin su koma gida. Tsarin shi ne a gina ƙaramin gida da hannun masu sa-kai, a sayar wa iyali mai ƙaramin ƙarfi ba da neman riba ba, a kan bashi mai sauƙin biya wanda tun asali ba shi da kuɗin ruwa, da sharaɗin cewa iyalin za su zuba ɗaruruwan awoyi na guminsu a ginin gidansu da na wasu. Shigar tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter da matarsa Rosalynn cikin aikin a birnin New York a 1984 ta sa sunan ƙungiyar ya game ƙasa, rassa suka yawaita a ƙananan garuruwan da ba su da isassun hannaye, kuma a ƙarshen shekarun 1980 aka fara shirin RV Care-A-Vanners don cike wannan giɓi da masu motocin gida.

Tsarin aikin ya yi kama da juna a yawancin ƙungiyoyin. Ana fitar da jerin ayyukan shekara da wurarensu, kowa ya zaɓi wanda ya dace da hanyarsa, motoci kaɗan su haɗu a harabar coci ko filin baje koli ko zangon gari a ƙarshen mako, ƙarƙashin jagorancin wasu ma'aurata da suka daɗe a harkar. Zaman Care-A-Vanners yakan ɗauki mako biyu, na NOMADS da SOWERS kuwa mako uku, kuma waɗannan biyun suna aiki kwana huɗu a mako, kimanin awa shida a yini, bayan gajeriyar addu'ar safe da bayanin kiyaye haɗari. Da yake yawancin gidajen Amurka da katako ake gina su, aikin ya ƙunshi kafa firam, da buga rufi, da liƙa allunan bango, da fenti, da jan wayar wuta, da haɗa famfo, da gina gangaren da keken guragu zai hau. A cikin ayari akan sami tsohon kafinta ko mai gyaran wuta ko injiniya wanda ke koya wa tsohuwar malamar asibiti riƙon guduma da zarto, kuma wannan tarin gwanintar shekaru arba'in ta aiki, wadda ƙaramar ƙungiya ba za ta iya biya ba ko da ta so, ita ce ainihin dukiyar da motocin ke kawowa.

Ranakun hutu da sanin gari

Kwana ukun da ake bari ba aiki a kowane mako ba ragowa ba ne, da gangan aka tsara su, saboda dalilai biyu. Na farko, jikin mai shekara saba'in yana buƙatar hutu, na biyu kuma, ƙungiyoyin sun gane cewa son ganin ƙasa ne ya fitar da mutanen daga gidajensu tun farko, kuma duk tsarin da ya hana su wannan ba zai daɗe ba. Don haka ya zama al'ada ayari ya ware rana guda don ziyarar haɗin gwiwa zuwa gidan tarihi ko masana'anta ko gandun daji na kusa, a ci abinci tare a gidan abincin da 'yan gari suka nuna, ranar Lahadi kuma a halarci cocin masu masauki. Yawancin masu manyan motoci kan jawo ƙaramar mota a baya don irin wannan zirga-zirga, tun da ba a tayar da gida sukutum don zuwa kasuwa.

Bambancin wannan ziyara da ta ɗan yawon buɗe ido na yau da kullum yana cikin tsawon zama da kuma ƙofar da aka shiga ta cikinta. Ayyukan agaji ba sa zuwa inda otal-otal suke, suna zuwa ne inda buƙata take, wato ƙauyukan masu haƙar kwal a tsaunukan Appalachia, da unguwannin masu tsinkar lemu da tumatir a Filorida, da matsugunan bakin iyakar Meksiko, da yankunan da aka keɓe wa ƙabilun asalin ƙasar, da garuruwan baƙaƙen fata na kwarin Mississippi. Wanda ya yi mako uku yana buga ƙusa kafaɗa da kafaɗa da matar da za ta shiga gidan, yana cin abincin rana da matan coci suka dafa, yana jin tarihin garin daga bakin masu shi, kuma akan kai shi wuraren da ba a rubuta su a littafin jagora ba. Ta haka aikin ya zama kuɗin shiga cikin al'umma, ziyarar kuma ta zama ladan aikin, kowanne yana riƙe da ɗayan.

Hukumar haraji ta kalli wannan haɗi da wani ido dabam. Dokar haraji ta Amurka tana barin mai aikin sa-kai ya cire kuɗin tafiyarsa daga abin da za a yanka masa haraji a kai, amma gyaran da aka yi mata a 1986 ya gindaya sharaɗin cewa kada tafiyar ta ƙunshi wani babban kaso na shaƙatawa ko hutu, kuma kuɗin da aka yarda a lissafa na tuƙi don agaji ya tsaya a santi 14 kowace mil tun ƙarshen shekarun 1990, adadin da bai kusanci abin da babbar mota ke sha ba. Masana ilimin al'umma kuwa sun ga wani abu na daban. Dorothy Counts da mijinta David Counts, 'yan Kanada waɗanda suka fara nazarin tsufa a ƙasar Papua New Guinea, sun zauna cikin dattawan motocin gida suka wallafa sakamakon bincikensu a 1996, inda suka nuna cewa waɗannan mutane suna gina zumunci cikin sauri ta hanyar musayar taimako da abinci, kuma suna ɗaukar tafiya da aiki a matsayin garkuwa daga kaɗaici da jin cewa amfaninsu ya ƙare. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe Peterson, mai aikin wutar lantarki, da matarsa Kay, ma'aikaciyar jinya, suka kafa a 1978, ta kai wannan zumunci matuƙa da ta buɗe wata cibiya a garin Livingston na Tekzas, inda mambobin da tsufa ko ciwo ya hana su tuƙi ke ci gaba da zama a motocinsu, 'yan'uwansu masu sa-kai suna kula da su.

Bala'o'i, tsada da iyakokin al'adar

Manyan bala'o'i ne suka fi nuna amfanin mai taimakon da ke zuwa da gidansa. Bayan mahaukaciyar guguwar Katrina ta watan Agustan 2005, wadda ta hallaka fiye da mutum dubu ta kuma rusa gidaje a gaɓar jihohin Louisiana da Mississippi, babu otal ko ɗakin haya da za a saukar da baƙi, domin su kansu 'yan gari a tirelolin da gwamnati ta raba suke kwana. Ayarin masu motocin gida, waɗanda ba sa buƙatar komai sai fili da wayar wuta da bututun ruwa, sun iya zama na watanni suna sake gina gidaje bayan 'yan jarida da masu agajin gaggawa sun tashi. Ƙungiyoyi irin su NOMADS da Habitat da ta Mennonite sun ƙarfafa sassan sake gini bayan bala'i, wani reshe na Escapees kuma yana aiki da ƙungiyar Red Cross wajen kula da matsugunan wucin gadi.

Duk da haka, al'adar tana tsaye ne a kan sharuɗɗan da ba kowa ke da su ba, kuma ba su da tabbas. Babbar motar gida ba ta wuce kilomita uku zuwa huɗu a kan lita ɗaya, shi ya sa takunkumin man fetur na 1973 da tashin farashinsa a 1979 suka durƙusar da masana'antar, haka kuma a 2008, lokacin da galan ɗin man fetur ya haura dala huɗu kuma bashi ya yi wuyar samu, rashin aikin yi a yankin Elkhart na jihar Indiana, inda ake ƙera mafi yawan motocin, ya kusan kai kashi 20 cikin ɗari a shekarar da ta biyo baya. Mafi yawan masu wannan hidima fararen fata ne masu matsakaicin hali, abin da ke da nasaba da tarihin da baƙar fata ba shi da tabbacin wurin kwana ko shan mai a hanya, har sai da aka riƙa buga masa littafin jagora na musamman daga 1936 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 kuma wani rukuni dabam ya ƙaru a hanya, na dattawan da suka rasa gida ko ajiya suka koma zama a mota suna bin aikin ƙwadago na lokaci-lokaci a rumbunan kaya da gonakin gwoza na sukari, waɗanda Jessica Bruder ta rubuta labarinsu a littafin Nomadland na 2017. Waɗannan sukan nemi matsayin mai kula da zango don larura, ta yadda tsohuwar iyakar da garuruwa suka ja a shekarun 1920 tsakanin mai yawon jin daɗi da mai yawon neman abinci ta sake bayyana a cikin zango ɗaya.

Akwai kuma sukar da ake yi cewa dogaro da aikin kyauta yana rufe gazawar hukumomi, musamman ganin cewa gyare-gyaren da suka taru a kan Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa sun haura dala biliyan 20, kuma gidajen da masu sa-kai ke ginawa ɗigo ne idan aka kwatanta da ƙarancin muhalli a ƙasar. Wannan suka tana da tushe, amma ba ta rushe abin da al'adar ta tabbatar ba, wato cewa ƙwarewar ma'aikacin da ya yi ritaya dukiya ce da za a iya kai ta inda ake buƙatarta matuƙar an sauƙaƙa masa masauki an kuma bar masa lokacin kansa. A 2021, bayan ɓarkewar annobar korona, masana'antar ta fitar da motoci sama da 600,000, adadi mafi yawa a tarihinta, kuma aiki ta intanet ya kawo matasa da iyalai cikin masu zaman mota. Sai dai fanshon kamfani mai tabbataccen adadi, wanda ya ba tsarar farko damar ba da makonni uku kyauta, ya ragu ƙwarai a kamfanoni masu zaman kansu, halartar coci ma ta ragu, alhali majami'u ne suka kafa yawancin ƙungiyoyin kuma su ne ke kawo musu sababbin mambobi. Makomar al'adar ta rataya ne a kan ko masu zuwa za su sami irin lokacin da magabatansu suka samu, da kuma ko za a sami cibiyoyin da za su ɗauki aikin tara ayari da majami'u suka yi shekara hamsin suna yi.